Na Raba Ɗana da Yaaba

A lokacin ina sakatariya a wata masana'anta a Kossodo, ina ji da kaina, gani nake tunda na yi lekol, wato makarantar boko, babu mai faɗa mini komai. Mahaifina Bahaushe ne, mahaifiyata kuwa 'yar Mosi ce. Tare muke zaune da ita a Zango, ita ke riƙe mini ɗana idan na tafi aiki.

Yaron ya isa magana bai yi ba. Sa'anninsa suna ta surutu, shi kuwa sai ya yi ta maimaita kalma ɗaya, ya kawar da ido, yana kaɗa hannuwa. Malamar ajinsu ta ce harsuna ne suka yi masa yawa, Hausa a ɗaki, Mosanci wurin kaka, Faransanci a lekol. Na karɓi maganar hannu bibbiyu, don ta fi mini sauƙin haɗiya, na hana a yi masa Mosanci. Mahaifiyata ta ce in bi a hankali, ƙaninta marigayi haka yake, da waƙa suke shawo kansa. Na ce kada ta yi wa ɗana baki. Ranar da na tarar tana rera masa waƙar Mosanci yana biye mata, na yi mata faɗan da har yau nake jin kunyarsa. Ta haɗa kayanta ta koma unguwar Ouidi wurin yayata.

Bayan tafiyarta, 'yan kalmomin da yake da su ma suka ɗauke. Da aka gwada jininsa, likita ya ce lalura ce ta gado wadda ba a cika gani ba, tana taɓa fahimta da magana, kuma ta wajen uwa take zuwa wa 'ya'ya maza. Ya tambaye ni ko akwai mai irinta a danginmu, na kasa ɗaga kai. Ya ce harsuna ba su da laifi, a yi masa duk wanda yake amsawa. Ina ta yau da gobe, girman kai ya hana ni zuwa in ɗauko mahaifiyata, har Allah ya karɓi abarsa.

'Yan'uwana iyaye, idan yaro ya makara da magana ku kai shi asibiti da wuri, ku saurari tsofaffinku, kada ku raba shi da wanda yake gane shi. Ɗana yanzu ya fi ni tsawo. Kullum da la'asar sai ya tsaya bakin ƙofa yana kiran yaaba, wato kaka. Ni kuwa waƙar nan ban taɓa tsayawa na koya ba.