Tuwon Wanda Bai Iso Ba

Shekara uku ke nan da rasuwar Goggo Rahila, ƙanwar babana, wadda ta riƙe ni a gidanta na Jimeta tun ina firamare. Har yau in waya ta yi ƙara da rana tsaka sai in tsaya ina kallonta kafin in iya ɗauka. Na faɗi wannan tun farko don kada a ɗauka mai ƙarfin zuciya ce ke rubutu.

Goggo tela ce, ba fasto ba. Amma duk shekara, a makonnin nan kafin Kirsimeti da muke jiran zuwan Almasihu, ita ake ba ajin manya bayan sujada. Littafi Mai Tsarki take zuwa da shi, da wata tsohuwar jaka da kowa ke leƙe ya ga me za ta ciro. Wata shekara tsintsiya ce. Ta sa dattawa suka ɗaga benci, duk muka ga dattin da ke ƙarƙashi, ta ce in babban baƙo na tafe ba tsakar ɗaki kaɗai ake sharewa ba.

A ajinta na ƙarshe kwano ta ciro, da murfinsa. Baba Yohanna, wani tsohon direba mai barkwanci, ya ce, "Rahila, in tuwo ne ki buɗe, wa'azin ya biyo baya."

Ta ce, "Haba Baba, ba naka ba ne. Na wanda bai iso ba ne."

Sai ta tambaye mu wa ake rufe wa abinci a gida. Ai wanda ka san gida zai nufo. Ko ya yi latti ba za ka ba wani rabonsa ba, sai dai ka matsar da shi kusa da murhu kada ya huce. Ta ce haka jiran Ubangiji yake, ba tsayuwa a bakin ƙofa cikin tsoro ba.

A cikin makon ne ta tafi unguwar Makama a Yola kai wa wata mata ɗinki, ta ce in ajiye mata nata abincin. Na rufe tuwo da miyar yakuwa, na matsar kusa da murhu yadda ta koya mana. Keke-napep ɗin da ta shiga ya yi karo da babbar mota a hanyar dawowa. A waya aka gaya mini. Kwanon yana nan a rufe har sai da maƙwabciyarmu Dada Hajara ta ɗauke shi ta wanke.

Tun daga ranar ban sake rufe wa kowa abinci ba. Yayana Bitrus yana bin wannan hanyar kullum zuwa aiki a Yola. In ya dawo sai in ce ya duba tukunya. Ya ɗauka lalaci ne. Ni kuwa gani nake in na rufe, ba zai dawo ba. Na san ba bangaskiya ba ce wannan, amma hannuna ya ƙi.

Nakan yi tunanin me Goggo za ta ce da Jimetan yau. Gadar sama za ta burge ta. Fitilun Kirsimeti masu ƙiftawa da suka cika kasuwa, na tabbata da ta sayi guda ta samo darasi a ciki. Abin da za ta ce da ni ne ban sani ba.

Bana matan coci suka ce ni zan riƙe ajin. Mama Saratu, babbarsu, ta ce, "Ke kika riƙa ɗaukar mata jakar nan, Lami, ke kika san cikinta." Na ce ba zan iya ba. Ta yaya zan tsaya in ce wanda aka rufe wa yana zuwa, alhali na rufe ba ta zo ba? Mama Saratu ba ta ja da ni ba, ta dai ce ba su nemi wani ba.

Makon jiya na ɗebi rabon Bitrus na rufe. Na zauna da waya a cinya, kowane keke ya wuce sai na miƙe. Da yamma ya shigo, ya buɗe, ya kai loma, ya ce, "Ke, gishiri ya ƙare a garin nan ne?" Na fashe da kuka. Ya ruɗe, ya yi ta rantsuwa miyar ta yi daɗi.

Tsoron bai tafi ba, ba zan yi ƙarya ba. Goggo ba ta bar mini gida ko zuciyar da ba ta firgita ba. Abin da ta bari ɗabi'a ce ta hannu: ka ɗebi rabon wanda ba ka gani tukuna, don kana sa ran zuwansa. Nata rabon ma ban ɗauka ya ɓace ba. Jiranta ne ya ƙare kafin namu. Na je na gaya wa Mama Saratu zan riƙe ajin, ta ajiye mini benci na gaba ranar Lahadi, kusa da ita.