Yatsana a Kan Zinarin Ƙanwata

Ina sayar da ƙanƙara da zoɓo a Dogarawa, ina da firiza da janareta. Shi ya sa ranar da wuta ta lalace a ɗakin bincikensu na jami'a a Samaru, ƙanwata ta hau acaɓa ta kawo mini wani ɗan kwano a rufe.

Ta ce, "Yaya, gilasai shida ne a ciki, an shafe su da zinari. A kan zinarin na shimfiɗa DNA, abin nan da ke ɗauke da gadon kamanni. Aikin wata uku ne. Ran Litinin za a ba ni na'ura. Don Allah kada ki buɗe."

Ni kuwa ba a ce mini kada. Tana fita na buɗe. Ƙanana ne kamar farce, sai ƙyalli, ban ga wata shimfiɗa ba. Na ɗora yatsa a kan ɗaya, na ji sumul, na rufe na yi shiru da bakina.

Ran Litinin ta ɗauki kwanonta, ran Laraba ta dawo da takardu shida, kowacce da layi mai hawa da sauka. Ta yi mini bayani a hankali: na'urar tana haska zinarin, hasken da ya dawo shi ke faɗin abin da ke kwance a kai, ko a tsaye zaren DNA ɗin yake ko ya kwanta. Biyar sun yi kyau. Ta shida tana da wani tudu da bai kamata ba.

"Kwana biyu ina zargin kaina," in ji ta. "Na sake bin duk abin da na yi, ban ga kuskure ba. Maiƙo ne wannan. Ni kuma ba na taɓawa sai da safar hannu."

Ta dubi hannuna. Man kaɗe nake shafawa tun muna yara. Wallahi kunya ta kusa kashe ni. Yarinyar da na goya, ga ta tana karanta yatsana daga haske. Na ce ni ce. Idonta ya kawo ruwa, don na shidan nan sai ta koma ta fara daga tushe.

Bayan wata guda sai ga ta da sabon kwano. Na ɗauko zare zan ɗaure murfin a gabanta.

Ta karɓe zaren ta ajiye. "Bar shi haka, Yaya. Sa min a firiza."