Idon Goggo Waƙafi

Shekara ashirin da shida ta yi tana buga takardu a ofishin wani lauya. Da lauyan ya rasu aka rufe ofis, ta dawo gida ta rasa abin yi. 'Yarta, mai aikin haɗa manhajoji, ta gaji da ganinta a zaune, ta koya mata rubuta wa kwamfuta umarni. Hannu dai ya saba da madannai, kai ma bai yi gardama ba.

Mai kula da ɗakin karatun unguwa ya ba ta wani ɗaki a baya, mai kwamfuta biyar da fanka mai ƙara. Duk Asabar yara goma sha ɗaya suke zuwa, biyu-biyu a benci, ɗaya a tsaye. Tana koya musu sa kwamfuta ta gaishe su, ta yi lissafi, ta zana gida. In abu ya ƙi tafiya sai ta leƙa ta kafaɗar yaro, ta dangwala yatsa a gilashin kwamfutar: "Ka manta waƙafi." Shi ya sa suke ce mata Goggo Waƙafi.

A shekara ta uku ido ya fara ba ta matsala. Ta ɗauka gilashin ne ya yi datti, ta yi ta goge shi da bakin mayafi. Ta canza tabarau sau biyu. Likita ya haska idon, ya ce jijiyar ce ke mutuwa, magani sai dai ya rage mata gudu.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ƙara girman haruffa. Da hakan ya daina yi, ta ce, "Ku riƙa karanto min da ƙarfi, haka ake koyo."

Wata Asabar, wata yarinya da ake kira Auta ta rubuta wasan kyanwa mai bin ɓera, layi sittin, ya ƙi tashi. Ta karanto sau uku. A kunne komai daidai yake.

"Goggo, ki duba da kanki mana."

Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Fari kawai take gani, da baƙi-baƙi yana yawo.

"Ba na gani, Auta."

"To wa zai duba mana?"

Goggo ta koma kujerarta ta zauna.

Da yamma ta kira 'yarta ta faɗa mata. 'Yar ta yi kuka a waya, amma tana wani gari mai nisa, ga aiki ga goyo. Mai kula da ɗakin karatu ya liƙa takardar neman malami a ƙofa. Wata biyu ba wanda ya zo.

Yaran sun ragu zuwa huɗu. Auta na cikin waɗanda suka daina, uwarta ta ce ta koma koyon ɗinki. Har yanzu duk Asabar Goggo na zuwa, tana bin bango da hannu har ta kai kujerarta.