Littafin da Na Ƙi Sa wa Hannu

Tun da na zo London na ɗauki ƙa'ida guda: ba na sa hannu a takardar da ban karanta ba. Duk wanda ya taɓa bin layin biza a Croydon ya san dalili.

A shekarar da nake magana, ina koyar da Turanci a wata ƙaramar kwaleji kusa da tashar tram, jirgin ƙasan cikin gari. Ɗalibaina Jamusawa ne, manya, masu neman aiki, ana turo su kwas na sati shida kafin su koma gida. Ni kuma ina probation, wato lokacin gwaji kafin a tabbatar da ni, bizata a jikin aikin take, don haka ko tari shugabar kwalejin ta yi sai gabana ya faɗi.

A cikinsu akwai wata mata da ta haura hamsin. Masana'antar da ta yi wa aiki tun ƙuruciya ta rufe, tana koyon aikin karɓar baƙi a otal. Kullum na shigo aji sai ta dubi agogo, ta buɗe wani littafi mai kauri ta yi rubutu. Na rubuta a allo, ta rubuta. Na ce a tafi break, ta dubi agogo ta rubuta. Ranar da tram ta makara da ni minti huɗu, wallahi ina kallon bironta yana tafiya. Na ce a raina, to, an turo mini 'yar rahoto.

Ranar Juma'ar farko ta ajiye littafin a gabana, duk Jamusanci, ta nuna wani layi a ƙasa. Da guntun Turancinta ta ce, “Ka sa hannu, don Allah. Duk sati. In babu, ba za a bar ni in yi jarrabawar sana'a a Jamus ba.”

Na ce, “Me ya sa sauran ba su kawo nasu ba?”

Ta ce su wani shirin ne ya turo su, ita kaɗai ce mai sauya sana'a. Ban yarda ba. Na ga sunana a shafin har sau biyar, ga lambobi a gefe. Wato ni zan sa hannu in tabbatar da laifina da kaina? Na ce sai na yi nazari. Sati na biyu na ce na manta. Na uku ko uzuri ban nema ba, na tattara takarduna na fita. Ban kai maganar gun shugaba ba, don a zatona ita ta sa ta.

Ana cikin haka na faki idonta lokacin break na ɗauki hoton shafi uku da waya. Ba na alfahari da wannan. Na kai wa wani dattijo ɗan Ghana da muke sallar Juma'a tare a Lewisham, wanda ya yi shekaru yana aiki a tashar jirgin ruwa a Jamus. Ya gyara tabarau ya karanta: Litinin, tara zuwa sha biyu, yadda ake amsa waya. Talata, yadda ake ba baƙo haƙuri in an yi cancel ɗin ɗakinsa. Ya ɗago ya ce da Hausarsu ta Ghana da ba ta bambanta mace da namiji, “Malam, ina rahoto a nan? Duk mai koyon sana'a a can haka yake yi. Matar nan aikinshi kawai yake rubutawa. Kai ne ka riƙe mishi wuya.”

Kunya ta rufe ni. Litinin tun kafin tara ina aji da biro a hannu. Da ta shigo na ba ta haƙuri, na ce ta kawo in sa hannu a duka. Ta ce ranar tura shafukan farko ta wuce tun Alhamis, an riga an mayar da sunanta jarrabawar da ke tafe bayan wata shida, otal ɗin da ya yi mata alkawarin gwaji kuma ba zai jira ba.

Na ce, “To bari in sa tsohon kwanan wata, ki ce aikawa ce ta makara.”

Ta dube ni kamar yadda na yi sati uku ina dubanta. Ta ce, “Amma ba ranar ka sa hannu ba.”

Na sa hannu a shafi uku da kwanan watan ranar. Ta bi kowanne da yatsa ta duba, sannan ta rufe littafin. Ni na ci probation ɗina a ƙarshen watan. Ita ta koma gida ba aiki, ta fara jiran wata shida.