Har Ya Rasu Yaya Yake Ce Mini

A lokacin da abin nan ya faru ni ƙaramar mace ce daga wani ƙauye a bayan Pauwa, mai ƙarfin aiki da kaifin baki, ga alkunya wadda har tsofaffi ke ba da misali da ita. Ina taƙama da hakan, ba zan ɓoye ba. Ɗana na fari tun da aka yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi, kamar yadda aka saba a wajenmu. Ita yake kira Inna, ni kuwa Yaya. Ban taɓa faɗin sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Ko faɗuwa ya yi, sai in kau da kai har wani ya zo ya ɗaga shi.

Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu, mijina yana cikin waɗanda aka kashe a gona. Mahaifiyata ta iso Ƙanƙara da ƙafarta, amma ciwo ya kwantar da ita, ba ta tashi ba. Na rage daga ni sai yaron, muna kwana a ajin makaranta tare da sauran masu gudun hijira. A nan wata mata ta ba ni labarin wani fasto da matarsa, mutanen Filato, da ke riƙon marayu a gidansu a bayan gari, suna neman mai taya su aiki. Na yi ta jan ƙafa saboda abin da mutane za su ce, amma yunwa ta fi ni baki. Ranar da na je, matar, wadda kowa ke kira Mama, ta dafa kan yaron ta tambaye ni me yake a gare ni. Mijinta, wanda ake kira Baba, na zaune, 'yan matan gidan na kallona. Sai na ce ƙanina ne.

Mu huɗu ne masu aikin gidan, ni kaɗai ce Musulma. Wanka, wanki, surfe, damun koko, rainon jarirai, haka muke yini, mu ci a kwano ɗaya mu kwana ɗaki ɗaya. Tsakani da Allah ba wanda ya taɓa hana ni salla. Mama da kanta ta saya mini buta, Baba kuma ya sa yaron a Islamiyyar unguwa. Bayana ba ya rabuwa da goyo, har 'yan matan suka laƙaba mini uwar marayu. Kowane yaro na gidan ya hau cinyata, na share masa majina, na yi masa tawai. Nawa kuwa in ya matso sai in ce ya tafi wurin Mama, aiki nake.

Ɗaya daga cikinmu, wata 'yar wajen Sheme, Bahaushiya ce kamar ni, ta gane. Wata rana a bakin rijiya ta ce mini ita ba yarinya ba ce, ba a kau da kai haka sai ga ɗan fari. Ta ce in je in gaya wa Mama, ta kuma tambaye ni wa ya rage mini a duniya da zan ji kunyarsa, tunda babu suruki babu uwa. Na wanke ta tas, na ce mu a gidanmu ba a san rashin ta-ido ba. Na sa ta yi alkawarin yin shiru, ta kuwa yi.

Da damina ta yi nisa zazzaɓi ya kama shi, har ya kai ga jijjiga, idanunsa suka yi fari. Baba ya samo motar da za ta kai shi asibiti a Funtuwa tun da sauran rana, don hanyar ba ta biyuwa da yamma. Mama ta tambaye ni ko zan bi su, ko kuwa zan tsaya da wata jaririya da ba ta karɓar abinci sai a hannuna. Na ce ta je kawai, ai tana tare da shi. A ganina uwa ba ta bin ɗan fari da gudu a idon jama'a. Na tsaya a ƙofar gida da 'yar mutane a bayana har motar ta ɓace.

Washegari suka dawo da shi a naɗe cikin zanen Mama. Baba ya kira limamin unguwa, aka yi masa sutura yadda addininmu ya tanada. Bayan an watse Mama ta kira ni ɗaki, ta ce akwai saƙon da ba za ta iya riƙewa ba. Ta ce da ya ɗan farfaɗo a asibiti, ya tambaye ta laifin da ya yi wa Yaya da take ɗaukar kowa ban da shi, ya roƙe ta in sun koma gida ta ba ni haƙuri. Ta gaya masa Yaya na son sa, ya girgiza kai. A nan na faɗi ƙasa, na ce mata ɗana ne, ni na haife shi. Ban taɓa furta hakan da bakina ba sai ranar. Mama ta fashe da kuka, ta ce da ta sani da ɗaure ni za ta yi ta saka a motar nan.

Na san kwanansa ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Abin da ke cin raina shi ne ya tafi yana zaton ba na son sa. Ba na zagin al'adar iyayenmu. Su sun yi alkunya ne a gidan da kaka ke nan, gwaggo ke nan, yaro na da hannuwa da yawa da za su rungume shi. Yau garuruwanmu sun watse, yara da yawa uwar kaɗai ta rage musu. 'Yan'uwana mata, musamman waɗanda gudun hijira ya raba da dangi, kada ku yi irin tawa. In ɗanki na gabanki yau, ki jawo shi jikinki ki gaya masa ke ce uwarsa tun yana iya ji.