Ɗan da Ruwa da Mai Suka Haifa

Ni bokona bai wuce leƙen taga ba. Ɗan abin da na sani, a gindin murhun kakata na tsince shi, a Geza, inda takan dafa sabulun salo da man kaɗe da ruwan toka bayan an ci tuwo, mu kuma mu kewaye ta don tatsuniya.

Wata shekara uwata, Badendiya daga tsallaken iyaka, ta yi yaji ta koma gidansu. Babana ya ce ƙafarsa ba za ta je biko ba. Dangi suka ce in zaɓi wanda zan bi. Na raɓe kusa da tukunya ina jan majina.

"Angona, mi ya same ka?" in ji Kaka. "Matso, ga ta nan tafe, tare ta kada ta wuce."

Ta ce wai Mai ya auri Ruwa. Kullum shi yana sama yana ƙyalli, ita tana ƙasa tana ƙunƙuni. A kaɗa su, a girgiza, ana juya baya kowa ya kama gefensa. Sai tsohuwa Toka ta shiga tsakani, ta yi ta juya su a kan wuta har aka haifi ɗa, Sabulu. Kansa na uwa, doguwar wutsiyarsa ta uba. In ya tsoma kai wajen Ruwa, ya naɗe Mai da wutsiya, dole su tafi tare.

"To wa ya zaɓa, Kaka?"

"Ja'iri! In ya zaɓa, ai ya tashi daga sabulu."

Washegari na miƙe a bakin zaure, na ce ba ni ba tuwo sai na ga uwata da babana wuri ɗaya. Aljihuna na cike da ƙuli-ƙuli, amma babana bai sani ba. Kafin la'asar ya ɗora ni a keke, muka nufi iyaka.

Kwanan baya jikata ta zo da littafin makaranta, an zana ɗan ƙulli da wutsiya. Wai haka ƙwayar sabulu take, kai na son ruwa, wutsiya na son mai. Na ce na san shi, tare muka girma.

Tun daga wancan bikon, duk rigimar dangi, ta nan ko ta tsallake, ni ake aika. Abin da Kaka ta ɓoye mini shi ne, kowane wanki sabulu raguwa yake yi. Ku dube ni, kamar tsinke. Amma iyayen nawa a gida ɗaya suka tsufa.