Inda Muka Kafa Tanti

Ko zan manta komai na samartakata, ban da wata safiya a dajin kudu da Tudun Wada.

Lokacin ba a daɗe da gama madatsar Tiga ba. Mu uku, malaman makaranta masu ji da kanmu, muka ari landiroba za mu hawan duwatsun Doguwa. Ni ne direba, kuma gani nake ba a haifi wanda ya kai ni tuƙi ba. Na saki hanya na kutsa daji, muna faɗa rami muna fita muna ta dariya. Da muka gifta wani sabon ƙauye, abokina ya ce mu tsaya mu gaida mai unguwa ya nuna mana masauki. Na ce ai daji ba na kowa ba ne.

Magariba ta rufa muka sami wani fili a gindin ɗorawa. Na ajiye mota, muka kafa tanti, muka tsinci duwatsu muka haɗa murhu.

Da sassafe sai ga wani dattijo. Ya yi sallama, ya tambaye mu gajiya, sannan ya dubi tayar baya ya ce, "Samari, matata ce a ƙarƙashin motarku."

Sai a sannan na lura da ɗan tudun ƙasar da damina ta kwantar. Duwatsun murhunmu ma daga nan muka ɗebe su. Ashe mutanen ƙauyen suna cikin waɗanda ruwan Tiga ya tasa, matar dattijon ce ta fara rasuwa a sabon wurin, ko kewaye maƙabartar ba a yi ba.

Na zabura zan tada mota, ya riƙe hannuna, ya ce itacen da aka rufe ta da shi zai iya karyewa, ƙasa ta rufta mata. "Iyayena duk suna ƙarƙashin ruwa," in ji shi. "Nan kaɗai nake da inda zan zo in tsaya."

Ya kira mazan ƙauye, aka sauke kaya, aka sa kafaɗa aka ɗaga bayan motar aka jaye ta gefe. Kabarin ya ɗan lotsa, amma bai rufta ba. Ya durƙusa ya gyara da hannunsa, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina don kunya. Abin da ya ƙarasa ni, sai ga kunu an aiko mana daga gidansa, wai mu baƙi ne.

Dutsen ba mu hau ba, gida muka juyo. Tun ran nan na san ƙasar da baƙo ke gani fayau, wani yana da nasa kwance a cikinta.